Yadda Hasken Eksire da na Gamma Suke Ratsa Jiki da Sauran Abubuwa

1.0 Gabatarwa

Garin Araba yana cikin Ƙaramar Hukumar Illela ta Jihar Sakkwato, dab da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, ga Birnin Ƙonni can tsallake. Mai kallon nesa zai ɗauka babu abin da ya haɗa mutumin irin wannan gari, manomi ko mai fataucin dabbobi, da batun hasken eksire da na gamma. Alhali kuwa sun daɗe da shiga rayuwarsa ta ƙofofi aƙalla uku. Ƙofa ta farko ita ce asibiti, domin wanda ya faɗo daga babur ya karye, ko wanda tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a ƙirjinsa, likita kan ce a je a yi masa hoto. Ta biyu ita ce jinyar ciwon daji, wadda kan sa a ɗauki majinyaci tafiyar kimanin kilomita 85 zuwa Sakkwato, wani lokaci ma a zarce da shi Zariya. Ta uku kuwa ita ce ma'adinin yuraniyam na ƙasar Ayar, wanda manyan motoci suka yi shekaru masu yawa suna ratsawa da shi ta Birnin Ƙonni.

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana da Hausa abin da yake faruwa sa'ad da ɗaya daga cikin hasken nan biyu ya shiga cikin wani abu, tsoka ce ko ƙashi, albasa ce ko darma. Dalilin yin haka kuwa shi ne, mutanenmu sun rabu gida biyu game da wannan al'amari. Wasu na tsoron hoton asibiti har su ƙi yinsa sa'ad da lafiyarsu ke bukata, wasu kuma ba su san akwai abin tsoro ba sam, ko da a inda haɗarin yake na gaske. Duka biyun rashin bayani ne ya jawo su, bayanin kuma ba zai isa inda ake so ba sai an yi shi da harshen da mutane ke tunani da shi.

2.0 Batun Kalmomi

Kafin a shiga gundarin magana, ya kamata a daidaita kalmomin da za a yi aiki da su. Baƙin da Turawa suka raɗa wa haske na farko, wanda ake furtawa “eks”, babu shi a cikin baƙaƙen bokon Hausa, saboda haka za a rubuta sunan yadda bakin Bahaushe ya sarrafa shi, watau eksire. Na biyun kuma za a rubuta shi gamma, da “m” biyu, don kada ya rikice da “gama” ta kammala aiki. Sunan baƙi na uku ne a jerin baƙaƙen Girkanci.

An fi son kalmar “haske” a nan bisa “tururi” da “tiriri” waɗanda ake ji a gidajen rediyo. Tururi abu ne da iska kan kwasa, yakan shiga hanci, yakan kuma maƙale a tufafi. Eksire da gamma ba haka suke ba. Danginsu ɗaya da hasken rana da na fitila, suna tafiya a miƙe, da saurin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, sai dai ido ba ya ganinsu. Mafi ƙanƙantar ɓangaren kowane sinadari za a kira shi zarra, tsakiyarta cibiya, ƙananan abubuwan da ke kewaya cibiyar kuma elektaron. Haske kuwa, ko da yake mukan gan shi kamar yana kwarara, a haƙiƙa yana sauka ne ɗigo-ɗigo kamar ruwan sama, saboda haka za a riƙa cewa ɗigon haske. Ma'aunin ƙarfin ɗigo guda shi ne elektaron-bolt, wanda za a taƙaita da e.b.

3.0 Asalin Hasken Biyu

A ranar 8 ga Nuwamba, 1895, wani malamin kimiyya Bajamushe mai suna Wilhelm Rontgen ya lura a ɗakin gwajinsa na birnin Wurzburg cewa wani haske da ba a gani yana fitowa daga kwalbar lantarkin da ya lulluɓe da baƙin kwali. Da yake bai san ko mene ne ba, sai ya sa masa baƙin da masu lissafi ke sa wa abin da ba a sani ba. A watan Disamba na wannan shekara ya ɗauki hoton hannun matarsa, aka ga ƙasusuwa da zobe. Shi ne aka fara ba lambar yabo ta Nobel a fannin fizikis a 1901. A 1896 Henri Becquerel na Faransa ya gano cewa yuraniyam na fitar da wani abu mai ratsa takarda ba tare da an sa masa wuta ba. A 1900 Paul Villard, shi ma Bafaranshe, ya gano wani haske mai tsananin ratsawa yana fitowa daga sinadarin rediyam, Ernest Rutherford kuma ya raɗa masa suna gamma a 1903.

Bambancin eksire da gamma na mahaifa ne. Eksire a cikin na'ura ake yinsa: a ingiza elektaron da ƙarfin lantarki su daki wani ƙarfe mai jure zafi da ake kira tangistin. Kimanin kashi 99 cikin 100 na ƙarfinsu zafi yake komawa, kashi ɗaya tak ke zama eksire. Da an kashe wuta, hasken ya ɗauke. Gamma kuwa daga cibiyar zarra yake fitowa, a cikin sinadarai marasa natsuwa irin su kobal-60 da siziyam-137, babu kuma makunnin da zai kashe shi. Sai dai a killace shi, a jira ya yi rauni da kansa. Kobal-60 yakan rasa rabin ƙarfinsa duk bayan shekara 5 da 'yan watanni, siziyam-137 kuwa sai bayan shekara 30. Amma idan ɗigon eksire da na gamma suka yi daidai a ƙarfi, babu abin da zai bambanta su a cikin jiki.

To, me ya raba su da hasken fitila? Ƙarfin ɗigo ne. Ɗigon hasken da ido ke gani bai wuce e.b. 2 zuwa 3 ba. Na hoton asibiti yana tsakanin e.b. 20,000 da 150,000. Kobal-60 kuwa yana fitar da ɗigo iri biyu, mai e.b. miliyan 1.17 da mai miliyan 1.33. Misalin wannan shi ne yayyafi da ƙanƙara. Yayyafi zai yini yana sauka a kan ganyen dawa bai huda shi ba, amma ƙanƙara guda ta isa ta keta shi. Yawan ɗigo daban, ƙarfin kowane ɗigo daban.

4.0 Ginin Zarra

Dutse da ƙarfe muna ganinsu a dunƙule, amma zarra kusan dukkanta fili ce. In da za a kumbura ta har ta kai girman filin Idi, cibiyarta ba za ta fi ƙwayar gero a tsakiyar filin ba. Elektaron suna kewaye da ita hawa-hawa, na kusa da cibiya a ɗaure tamau, na nesa kuma sako-sako. Yawan elektaron ɗin da kowace zarra ke riƙe da su daidai yake da abin da ake kira lambar zarra. Ta haidirojin 1 ce, ta kabon 6, ta iskar oksijin 8, ta kalsiyam 20, ta baƙin ƙarfe 26, ta aidin 53, ta darma 82, ta yuraniyam 92. Tsokar mutum galibinta ruwa ce da kabon, lambarta idan an daidaita kimanin 7 da rabi ce. Ƙashi kuwa, saboda kalsiyam da ke cikinsa, tasa ta kai wajen 13. Mai karatu ya riƙe lambobin nan biyu, domin a kansu hoton asibiti ya dogara.

5.0 Makomar Ɗigon Haske a Cikin Abu

Matafiyin da ya iso kan iyaka da kayansa ɗayan abubuwa kaɗan ne zai same shi. Ko ya wuce babu wanda ya tsayar da shi, ko tafiyarsa ta ƙare a nan, ko kuma ya sauke wani abu daga kayansa ya ci gaba ta wata hanya. Haka yake ga ɗigon haske, sai dai shi yana da makoma ta huɗu wadda ba ta da misali a kan iyaka.

5.1 Wucewa

Da yake zarra fili ce, ɗigo na iya ratsa dubban miliyoyin zarra bai taɓa kome ba, ya fita da ƙarfinsa cif kamar yadda ya shiga. Wannan ɗigo bai bar wa jiki kome ba, kuma shi ne yake isa ga faifan hoto ya baƙanta shi. Akwai kuma ɗigon da kan ɗan karkace bai rasa ƙarfi ba, amma tasirin wannan kaɗan ne a cikin abin da muke magana a kai.

5.2 Haɗiya

Hanya ta biyu ita ce ɗigo ya faɗa wa ɗaya daga cikin elektaron na kusa da cibiya, ya juye masa ƙarfinsa duka. Ɗigon ya ɓace ke nan, elektaron ɗin kuma ya tsinke ya fita da gudu. Albert Einstein ne ya bayyana ka'idar wannan a 1905, a kanta kuma aka ba shi lambar Nobel ta 1921. Abubuwa biyu ke ƙayyade yawan haɗiya. Na farko lambar zarra: idan ta ninka sau biyu, haɗiya takan ninka kusan sau takwas, watau biyu sau biyu sau biyu. Na biyu ƙarfin ɗigo: idan ya ninka sau biyu, haɗiya takan faɗi zuwa kusan ɗaya bisa takwas.

A nan asirin hoton ƙashi yake. Lambar ƙashi ba ta kai ninki biyu na ta tsoka ba, amma bisa wannan lissafi giram guda na ƙashi yana haɗiye fiye da ninki biyar na abin da giram guda na tsoka ke haɗiyewa. Ga shi kuma ƙashi ya fi tsoka cunkoso kusan sau biyu. Saboda haka haske kaɗan ne ke ƙetare ƙashi, sai wurinsa ya fito fari. Huhu kuwa, da yake iska ce ta cika shi, baƙi yake fitowa, in kuma ruwa ko mugunya ko tabon tarin fuka sun maye gurbin iskar, sai a ga fari-fari a inda ya kamata a ga baƙi. Idan likita na son ganin hanji, wanda bai bambanta da naman da ke kewaye da shi ba, yakan ba majinyaci wani farin kunu mai sinadarin bariyam, mai lamba 56, ya sha. Don ganin jijiyoyin jini kuma a yi allurar ruwa mai aidin. Darma, mai lamba 82, ita ce sarkin haɗiya a cikin ƙarafan da ake samu da araha, shi ya sa ake yin rigar kariya da ita.

Daga wannan za a gane cewa kalmar “hoto” ba ta yi daidai da abin sosai ba. Mai ɗaukar hoto a kasuwa haske ne da ya dawo daga fuska yake kamawa. Na asibiti kuwa inuwa ce, kamar wadda yaro kan gani in ya kara tafin hannunsa a bakin tocila cikin duhu.

5.3 Gocewa

Hanya ta uku ita ce ɗigo ya yi karo da elektaron na baya-baya, ya ba shi wani kaso na ƙarfinsa, shi kuma ya goce ya bi wata fuska da sauran ƙarfin da ya rage. Arthur Compton na Amurka ne ya tabbatar da wannan a 1923, ya kuma nuna cewa iyakar girman gocewar iyakar yawan ƙarfin da ɗigon ya rasa. Ita gocewa ba ta cika damuwa da lambar zarra ba, yawan elektaron da ke kan hanya kawai take dubawa, watau cunkoson abu da kaurinsa. A cikin ruwa da tsoka ita ce ke rinjaye daga wajen e.b. 30,000 har zuwa fiye da miliyan 20.

Gocewa tana da sakamako uku da ya kamata a sani. Na ɗaya, ɗigon da ya goce yakan sauka a faifai inda ba wurinsa ba, ya sa hoto ya yi hazo. Don haka ake sa wani rariya mai siraran tsinkayen darma tsakanin majinyaci da faifai, ya tace wanda ya zo a karkace. Na biyu, a daidai lokacin ɗaukar hoto jikin majinyacin kansa yana watsa haske ko'ina a cikin ɗaki. Wannan ne ya sa ma'aikaci ke komawa bayan katanga, ya kuma ce wa 'yan rakiya su fita. Ba wulaƙanci ba ne, shi majinyaci sau ɗaya zai kwanta a nan, ma'aikacin kuwa kullum yana wurin. Na uku, kaya masu kauri irin na cikin kwantena ba a iya leƙa su da hasken asibiti, sai da mai ƙarfin miliyoyin e.b., kuma abin da irin wannan hoto ke nunawa shi ne inda kaya suka cunkushe da inda suke sako-sako.

5.4 Haihuwar Tagwaye

Hanya ta huɗu ita ce mafi ban mamaki. Idan ƙarfin ɗigo ya haura e.b. miliyan 1.02, ya kuma gitta kusa da cibiyar zarra, yana iya ɓacewa, abubuwa biyu masu jiki su bayyana a gurbinsa. Ɗaya elektaron ne, ɗayan kuma takwaransa ne mai nauyi ɗaya da shi amma cajinsa kishiya, ana kiransa fozitaron. Carl Anderson ne ya gano fozitaron a 1932, a 1933 kuma Patrick Blackett da Giuseppe Occhialini suka ga alamar tagwayen suna fitowa tare a Kambirij ta Ingila. Wannan shaida ce ta zahiri ga maganar Einstein cewa ƙarfi na iya rikiɗa ya zama jiki. Fozitaron ba ya daɗewa. Da ya lafa ya gamu da wani elektaron, sai su biyun su ɓace, ɗigon gamma biyu masu e.b. 511,000 kowanne su fita, ɗaya gabas ɗaya yamma. Hasken hoton asibiti bai kai ƙarfin haifar tagwaye ba ko kusa. A cikin darma ma sai ƙarfi ya kai wajen e.b. miliyan 5 kafin wannan hanya ta rinjayi gocewa.

6.0 Kaurin Rabi

Babu mai iya cewa ga abin da zai sami ɗigo kaza, sa'a ce kawai. Amma idan ɗigon suka kai miliyoyi, lissafinsu ba ya kuskure. Kowane abu yana da wani kauri wanda ke rage haske zuwa rabi, za mu kira shi kaurin rabi. Kauri na biyu ba zai cinye sauran rabin ba, rabinsa kawai zai ci, a bar rubu'i. Na uku ya bar sumuni. Sai an jera guda goma kafin haske ya koma kusan ɗaya bisa dubu.

Ga gamma na kobal-60, kaurin rabi a darma kimanin santimita 1.2 ne, a baƙin ƙarfe wajen santimita 2, a kankare wajen 6, a ruwa kuma wajen 11. Ga hasken hoton asibiti kuwa, darma mai kaurin rubu'in milimita ta wadatar ta raba shi biyu. Wannan ne ya sa rigar darma mai kaurin rabin milimita ke kare mai ɗaukar hoto daga hasken da ya goce, amma ba ta tsinana kome a gaban kobal, wanda ɗakinsa sai an gina shi da katangar kankare mai kaurin fiye da mita guda. A cikin tsoka kaurin rabi na hasken hoto santimita 3 zuwa 4 ne, saboda haka abin da ke ƙetare cikin babban mutum bai fi kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba. Nisa ma kariya ne, domin wanda ya ja da baya daga mita ɗaya zuwa mita biyu ya rage abin da ke samunsa zuwa rubu'i.

7.0 Ta'adin da Yake Yi a Jiki

A cikin hanyoyi ukun ƙarshe, mai lura zai ga abu ɗaya ke maimaituwa: elektaron ya fita da gudu. Shi ne mai ta'adin. A kan hanyarsa, wadda ga hasken hoto ba ta kai milimita guda ba, yana fizge wasu elektaron daga zarrar da ya gitta, yana kashe kimanin e.b. 34 a kowace fizga. Ke nan elektaron mai e.b. 60,000 zai yi fizga kusan 1,800 kafin ya tsaya. Idan fizgar ta faɗa a kan zaren gado na ƙwayar halitta, wanda ake kira DNA, ko ta farfasa ruwan da ke kusa da shi ya zama mai cin abu, zaren na iya tsinkewa. Galibi ƙwayar takan gyara kanta. Wani lokaci ta mutu, wani lokaci kuma, ba safai ba, ta yi gyaran da bai yi daidai ba, wanda bayan shekaru yana iya zama mafarin ciwon daji.

Ana auna ƙarfin da jiki ya sha da ma'aunin gire, haɗarinsa ga lafiya kuma da sibat, wanda kashi ɗaya cikin dubunsa shi ne milisibat. Kowane ɗan Adam yana samun kimanin milisibat 2.4 a shekara, bisa matsakaicin lissafin duniya, daga ƙasa da duwatsu da sararin sama da abinci. A jikin babban mutum ma akwai sinadarin fotasiyam-40, wanda zarrarsa wajen 4,000 ke fashewa kowace daƙiƙa. Hoton ƙirji guda bai wuce milisibat 0.1 ba, watau abin da mutum kan samu cikin mako biyu yana zaune a gidansa. Hoton ciki na na'urar siti-sikan kuwa yakan kai 8 zuwa 10, shi ya sa ba a yinsa sai da dalili. Haddin da aka yanka wa ma'aikata shi ne milisibat 20 a shekara. Abin da ke kisa cikin makonni shi ne sibat 4 zuwa 5 a jiki duka a lokaci guda, watau daidai da hoton ƙirji dubu arba'in ko fiye. Mace mai ciki dai wajibi ne ta sanar kafin a yi mata hoto, domin ƙwayoyin ɗan tayi suna cikin rarrabuwa, a lokacin ne kuma suka fi rauni. Bayan an kashe na'ura babu sauran haske a ɗaki, babu a jikin majinyaci, babu a tufafinsa.

8.0 Gashi da Adana Amfanin Gona

Raunin ƙwaya mai rarrabuwa shi ne aka mayar magani. Ƙwayoyin ciwon daji suna rarrabuwa ba ƙaƙƙautawa, kuma ba su kai lafiyayyu iya gyara ba. Saboda haka akan auna ƙarin da haske mai ƙarfin miliyoyin e.b. daga fuskoki dabam-dabam, galibi kimanin gire 2 a rana, kwana biyar a mako, har makonni da yawa, don lafiyayyen nama ya riƙa samun sararin farfaɗowa. A wannan ƙarfi gocewa ce ke aiki, ƙashi bai fi tsoka sha ba sosai, kuma mafi yawan ƙarfin a ƙarƙashin fata yake sauka. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika suna cikin asibitocin da aka kafa wa sashen wannan jinya, Nijar kuma ta buɗe nata na farko a Yamai a 2021.

Jama'a kan kira wannan jinya “gashi”, sunan kuma yakan firgita majinyaci ya zaci wuta za a sa masa. Gaskiyar magana, ko gire 5 ba ya ɗaga zafin jiki fiye da kusan ɗaya bisa dubu na digiri guda. Kurɓin shayi ya fi shi ɗumama jiki nesa ba kusa ba. Aikinsa tsinka zare ne a cikin ƙwaya, mutum ba ya jin kome sa'ad da ake yi, ko da yake fatar wurin takan yi duhu ko ta saɓule daga baya.

Wannan ka'ida ta shafi manomin albasa, daga fadamun Sakkwato har Galmi. Albasar da aka ajiye a rudu takan yi tsiro, tsiron kuma daga 'yan ƙwayoyi masu rarrabuwa a tsakiyarta yake tasowa. Gamma na gire 50 zuwa 150 ya isa ya hana su rarrabuwa, haka ma a doya da dankali, abin da bai kai gire 1,000 ba kuma yana kashe ƙwarin wake da hatsi. Bai maye gurbin busarwa da kyau ba, domin ba shi ne maganin ruɓar da danshi ke kawowa ba. Abincin da aka haska ba ya komawa mai fitar da haske, kamar yadda tufafin da aka shanya a rana ba sa haskaka ɗaki da dare. A 1980 wani kwamitin masana na hukumomin abinci da lafiya da makamashin nukiliya na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yanke cewa haskawa har gire 10,000 ba ta sa abinci ya zama mai guba. Nijeriya ta ƙaddamar da cibiyar irin wannan aiki mai amfani da kobal-60 a Sheda, kusa da Abuja, a 2006.

9.0 Yuraniyam da Tsohon Ƙarfe

Kowane sinadari mai fitar da gamma yana da ƙarfin ɗigo nasa na kansa: siziyam-137 e.b. 662,000, fotasiyam-40 miliyan 1.46. Kamar yadda tsagar fuska kan nuna Bagobiri ko Bakabe, haka wannan ke nuna asalin sinadari. Da shi masu binciken ma'adinai ke neman yuraniyam, da shi kuma Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ƙaramin injin nukiliyarta ya fara aiki a 2004, take tantance abin da ke cikin ƙasa da dutse.

An fara haƙar yuraniyam a Arlit a 1971, a Akuta kuma a 1978, har aka rufe mahaƙar Akuta a 2021. Garin ma'adinin da aka tace akan zuba shi a durom-durom, a biyo da shi ta Tawa da Birnin Ƙonni da Dosso da Gaya zuwa tashar jirgin ruwa ta Kwatano, har rufe iyakar Nijar da Binin a 2023 ya katse wannan hanya. Abin lura shi ne, tataccen yuraniyam gammansa ba shi da yawa, domin rediyam da 'ya'yansa, waɗanda su ne masu fitar da mafi yawansa, a tarin dusar da aka bari a bakin mahaƙa suke zama. Haɗarin garin shi ne a shaƙe shi ko a haɗiye shi. A nan ne ya wajaba a raba abu biyu da kalmar “tururi” ta cakuɗa: hasken fitila daban, man fitila daban. Wanda haske ya ratsa, in ya bar wurin ya rabu da shi. Wanda ƙurar sinadarin ta shiga jikinsa kuwa da fitilar yake yawo.

Babban misalin wannan ya faru a birnin Goyaniya na ƙasar Barazil a watan Satumba na 1987. Masu tsintar tsohon ƙarfe sun ɗauko kan wata na'urar gashi da aka yasar a wani asibitin da ya tashi, suka fasa shi, suka sayar. Garin siziyam-137 da ke ciki yana ƙyalli shuɗi a duhu, aka yi ta rarraba shi ga 'yan uwa da maƙwabta. Mutum huɗu suka mutu, har da yarinya 'yar shekara shida, an sami sinadarin a jikin mutum 249, an kuma auna wajen 112,000. Wannan darasi ne ga kowace kasuwar kan iyaka inda 'yan gwangwan ke hada-hada. Duk ƙarfen da nauyinsa ya fi girmansa nesa, musamman mai tambarin farfela mai fiffike uku a kan launin ruwan ɗorawa, kada a fasa shi, kada a kai shi gida. A nisance shi, a sanar da hukuma. A Nijeriya alhakin wannan yana wuyan Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya, wadda aka kafa bisa dokar 1995, ta kuma fara aiki a 2001.

10.0 Kammalawa

An ga cewa ɗigon eksire ko na gamma, in ya shiga cikin abu, ko dai ya wuce, ko a haɗiye shi, ko ya goce, ko ya haifi tagwaye, kuma ƙarfin ɗigon da lambar zarrar abin da kaurinsa su ke zaɓar wadda za ta rinjaya. Daga haɗiya aka sami hoton ƙashi da rigar darma, daga gocewa aka sami jinyar ciwon daji da haskar albasa da dokar fitar da 'yan rakiya daga ɗakin hoto. Kariya kuma uku ce: gajarta lokaci, ƙara nisa, da sanya shamaki.

Kalmomin da aka yi amfani da su a nan, irin su ɗigon haske da haɗiya da gocewa da kaurin rabi, shawara ce ake miƙa wa malaman harshe da na kimiyya, su auna su a aji da asibiti, su gyara abin da ya kamata. Abin da ake bukata shi ne ma'aikacin lafiya a Illela ya iya gamsar da dattijon da ya zo daga Araba cewa hoton ƙirji ba zai cuce shi ba, malamin makaranta kuma ya iya fahimtar da ɗan gwangwan dalilin da ya sa wani ƙarfen ba na fasawa ba ne, duka biyun da Hausar da ba ta bukatar tafinta.